Shekarar da Na Yi wa Injiniya Shiru

Bana ruwa ya yi jinkiri. Shekaranjiya da hantsi ina tsaye bakin titi a Ƙofar 'Yandaka ina jiran napep, sai ga garken shanu ana kora su yamma, kowace kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Na tsaya ina kallonsu har napep biyu suka wuce ni. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne wata bazara, shekara tara ke nan ko goma, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta, da kuma wani mutum mai suna Sagir, wanda ba na fatan Allah ya haɗa mu ko a hanyar kasuwa.

Zafin shekarar nan ba a magana. Tun ƙarfe tara na safe ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Rijiyar gidanmu ta ƙafe har ana ganin tsohon gugan da ya faɗa ciki tun ina firamare. Inna, mahaifiyata, takan jiƙa zani ta rataya a taga don iskar da za ta shigo ta ɗan yi sanyi, kafin a idar da azahar zanin ya bushe ƙayau. Masu ruwan kura sai ka yi musu magana tun jiya, su ma sai sun ga dama. Jarka biyu muke samu a wuni, ɗaya ta girki da sha, ɗaya ta alwala da wanka, ruwan wankan ma a baho ake tara shi a ba bishiyar lemun tsamin da Inna ta rantse ba za ta mutu a hannunta ba. Kowace la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mutane su kwashe shanya, yara su fara tsalle, sai iska ta taso ta watsa shi. An fita roƙon ruwa sau biyu.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, na samu aiki a wani ƙaramin ofis a Kambarawa, ɗaki ɗaya da baranda. Mai wurin, Alhaji Mannir, ɗan kasuwa ne da ya fara da sayar da kwamfutoci, bai iya karanta layi ɗaya na kod ba, wato rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi, amma ya iya nemo aiki. Mu biyu ne masu rubutu, ni da Sagir, wanda ya girme ni da shekara goma sha, kuma in ba ka ce masa Injiniya ba sai ya yi kamar bai ji ba. Fanka ɗaya ce a ofishin, kullum shi take kallo. Wuta ba ta zama, janareto kuma awa uku ake kunna shi saboda wahalar mai, don haka in ya tashi ba mai ɗaga kai, sai ƙarar maɓallai da ƙamshin hayaƙi. In ya mutu sai mu koma takarda da biro.

Aikin da Alhaji ya samo mana daga wata ƙungiyar taimako ne. Za su raba dusa da angurya ga masu dabbobi a yankin Batagarawa kafin Salla, suna son manhajar da za ta riƙe sunayen mutane, ta fitar da jerin waɗanda za a ba. Daga jerin za a san buhu nawa mota za ta ɗauko. Sun ja mana kunne a kan abu ɗaya, kada mutum ya yi rajista sau biyu.

Bari in yi bayanin aikin a taƙaice, don duk rigimar a nan take. In za ka rubuta manhaja irin wannan, kana farawa da abin da muke kira kilas, wato ka tsara wa kwamfuta siffar abu, me yake da shi, me yake iya yi. Na rubuta kilas guda na sa mata suna Mutum. A cikinta akwai suna, sunan uba, da dabarar gane wanda ya maimaita rajista. Ita ce uwa. Daga ita ake fitar da 'ya'ya, mu namu biyu ne, Manomi mai shanun huɗa da Makiyayi. Ɗa ba ya bukatar a sake rubuta masa abin da uwa take da shi. Layi ɗaya za ka sa ka ce wannan ɗan wance ne, shi ke nan ya gaje komai nata, sai ka ƙara masa nasa, Manomi gona, Makiyayi garke. In an ga kuskure a jikin uwa aka gyara, duk 'ya'yan sun warke a lokaci guda. Wannan shi muke kira gado a sana'armu.

Goman farko ta azumi a kan uwar nan ta ƙare mini. Da leɓe a tsage nake rubuta ta, gumi na ɗiga a kan maɓallai ina gogewa da gefen mayafi. In na koma gida na taimaka wa Inna da tace kunun tsamiya da suyar ƙosai, hannuna yana kan mataci, kaina yana kan kod. Ran da na gama, na rubuta sunana a saman fayil ɗin kamar yadda ake yi, Rabi Lawal. Ina son aikin nan, kuma ina son a san nawa ne. Aka raba 'ya'yan, ni Manomi, Injiniya Makiyayi.

Ran sha biyu ga wata na buɗe fayil ɗin uwa don in duba wani abu, sai na ga sunana ya ɓace. A wurinsa an rubuta Injiniya Sagir, da manyan baƙaƙe. Ban gama haɗiye wannan ba Alhaji ya shigo da baƙi biyu daga ƙungiyar, yana cewa a nuna musu inda aka kai. Sagir ya miƙe ya gyara hula, ya yi bayanin uwa da 'ya'ya da kalmomin da ya ji a bakina, ya ce ya kwana uku yana tunanin tsarin. Ɗaya daga baƙin ya tambayi aikina, Sagir ya ce, “Tana kama mamu da buga sunaye.” Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Sai aka gwada jerin manoma. Alhaji yana bi da yatsa, ya tsaya.

“Lawal Abdu biyu na sani a Batagarawa,” in ji shi. “Ɗaya surukin ƙanena ne, ɗaya mai faci. Duka na ga takardunsu. Ina gudan ya tahi?”

Sagir ko ƙifta ido bai yi ba. “Tushen lahiya lau yake, Alhaji, ni na gina shi. Ɓangaren yarinyar ga ne. Dama na faɗi maka aikin ga ya fi ƙarfinta.”

A gaban baƙi Alhaji ya juyo ya ce in ban gyara ba kafin ranar rabo, bayan Salla in yi zamana a gida. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na ce to. A napep na yi kukana, na share fuska kafin in shiga gida, amma ba a ɓoye wa Inna irin wannan. Da aka sha ruwa ta ce, “Mai azumi ba ya riƙo, Rabi.” Na ce na ji. Ban ce na bari ba.

Da yake yanzu ni mai buga sunaye ce, ran sha bakwai aka tura ni rugagen da suka rage in rubuto mutane a takarda. Muka fita da sassafe a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, muka wuce Batagarawa, muka saki kwalta. Gonaki an share su fes suna jiran ruwa, ba ko tsinken ciyawa. Makiyaya sun sassare rassan gawo da na marke sun ba dabbobi, itatuwan sun tsaya kamar an yi musu aski. A rugar farko na ga abin da ban taɓa gani ba, saniya ta kwanta ta kasa tashi, maza huɗu sun zura mata sanduna biyu a ƙarƙashin ciki suna ɗagawa, suna yi mata magana a hankali. Mata na zaune da ƙorai a kife, ba nono.

Arɗo Buba, shugaban rugagen wajen, shi ya karɓe mu. Dogon tsoho ne siriri, mai ido ɗaya fari, ba ya gaggawar magana. Muka gaisa, ya gida, ya ibada, ya zafi, ya hanya, ya mutanen birni, sannan ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar da ta rage. Mutane suka yi layi.

“Sunanka?”

“Muhammadu.”

“Sunan mahaifi?”

Sai mutumin ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da sanda. Na maimaita. Ya waiwaya wajen Arɗo, ya ce, “Sa Arɗo.”

Na biyu ma Muhammadu ne, shi ma ya ce a sa Arɗo. Na huɗu haka. Na ajiye biro na ce wa Arɗo, “Baba, duk ɗiyanka ne?”

Ya yi dariya har ya yi tari. “Ɗiyata, mu ba mu kiran sunan uba. Kunya ce. Ko wuƙa za ki sa mashi a wuya ba ya faɗi. Wanga Ja'e muke ce mashi, wancan Dogo, na bayanshi Barkindo. Kowa da rugarshi, ba mai ɓata.”

A kan tabarmar nan na gane komai. Kuskuren a jikin uwa yake, kuma nawa ne. Na gaya wa kwamfuta cewa in suna da sunan uba suka zo ɗaya, mutum ɗaya ne, ta bar na farko ta ɓoye sauran. A garin da rabin maza Muhammadu ne ko Lawal ko Sani, wannan wauta ce, a ruga kuwa bala'i ne. Allah ya taimaka tun farko akwai gurbin laƙabi da na unguwa ko ruga a takardun, ana bugawa a ciki, ba a dai amfani da su.

Ran sha tara ga wata, janareto yana tashi na buɗe uwa na gyara, layi huɗu kacal. Na ce sai suna da sunan uba da laƙabi da mazauni duk sun zo ɗaya kafin a ce mutum ya maimaita. Na fitar da jerin manoma, ga Lawal Abdu surukin ƙanen Alhaji, ga Lawal Abdu mai faci. Na ce bari in ga yadda makiyaya suka warke. Jerin bai motsa ba. Muhammadu Arɗo guda ɗaya tal.

Sagir ya fita alwala, na buɗe fayil ɗinsa. Layin gadon babu shi. Makiyayinsa ba ɗan kowa ba ne. Abin da ya yi, ya kwafe duk cikin uwa tun ranar da na gama ta, ya zuba a nasa, ya ɗora garke a ƙasa. Ya kwashe har da cutar, ya kuma yanke hanyar da magani zai bi ya same shi. Mutumin da ya goge sunana ya sa nasa a kan uwa, ashe bai san yadda ake gadonta ba.

Wallahi daɗin da na ji a lokacin ya fi na ruwan sanyi da magariba. Na rufe fayil ɗin kamar yadda na same shi, na koma kujerata. Da ya dawo yana yarfe ruwa daga gemu, har sannu na yi masa.

Washegari na nuna wa Alhaji jerin manoma. Ya ga Lawal biyu, ya gyaɗa kai. Sagir ya ce, “Ka gani ko, dama ɓangarenta ne.” Ban musa ba. Na tausasa murya na ce, “Injiniya, tambaya gare ni, don in ƙaru. Makiyayinka ɗan Mutum ne, ko?”

“Ɗan halak ma,” in ji shi. “Ki ji mani yarinya.”

“Alhaji, ka ji ko?”

“Na ji,” in ji Alhaji, yana neman makullin mota.

Abin da nake so ke nan, ya faɗa da bakinsa a gaban shaida.

Ran ashirin da biyu aka aika wa ƙungiyar adadin mutane don su san buhunan da za su loda. Alhaji ya lura makiyayan da ke jeri ba su kai tulin takardun da muka kawo ba, ya tambaya. Sagir ya buga ƙirji. “Wayo ne, Alhaji. Rajista bibbiyu suka yi, har da mai sau bakwai. Manhajata ta kama su duka.” Alhaji ya yi ta sa masa albarka. Ina zaune taku uku daga wurin, ina ji. Na san adadin nan shi zai cika mota, na san abin da na gani a ruga. Magana ta zo mini har baki. Na kalli fankar da ke kaɗa wa Sagir riga, na tuna “yarinyar ga” a gaban baƙi, na mai da ita ciki. Na ce wa kaina in na faɗa yanzu, a ɗaki zai gyara a ɓoye, ya ce shi ya gano. A gaban mutane ya tozarta ni, a gaban mutane zan rama.

Kwana biyar ɗin da suka biyo baya na yi su cikin nishaɗi, ba zan yi ƙarya ba. Goman ƙarshe ce, gari ya ɗauki haramar Salla duk da ƙunci, teloli ba sa ɗaga kai, Inna ta fara soya cincin kaɗan-kaɗan da ɗan man da ya samu. Ina taya ta murza ƙulli ina tsara abin da zan faɗa, kalma bayan kalma. Ta ce ta ga na sake, ta yi hamdala, tana zaton nasiharta ce ta kama ni.

Ran ashirin da bakwai aka yi rabon a filin wata makarantar firamare. Rana ta take tun hantsi, ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Motar buhuna na tsaye, ƙamshin dusa ya cika wurin har awakin unguwa sun kewaye ta. Aka gama da manoma lafiya. Sagir ya karɓi lasifika ya fara kiran makiyaya.

“Muhammadu Arɗo!”

Mutum bakwai suka miƙe.

Ya ce ɗaya ake nufi, sauran su zauna, an gano su. Aka kira Abubakar Arɗo, biyar suka taso. Wuri ya fara ruɗewa. Arɗo Buba ya tako a hankali har gaban teburin, ya dogara sandarsa, ya yi sallama, sai da aka amsa sannan ya ce, “Alhaji, mutanen ga da aka ce sun yi ƙarya, wasunsu ni na yi masu suna. Ga su tsaye, kowa da kanshi guda. A ƙirga.”

Baƙin ƙungiyar suka kalli Alhaji, Alhaji ya kalli Sagir. Sagir ya fara cewa wataƙila wajen buga sunaye ne, ya juyo inda nake. Nan nake jiransa.

Na buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka a kan teburin, na juya ta yadda kowa zai gani. Na ce, “Ranka shi daɗe, sunayen duk suna ciki, ni na buga su. Cutar da ta ɓoye Lawal Abdu ce, kuma na gyara ta a jikin uwa. Duk ɗan da ya gaji uwar ya warke, shi ya sa manoma suka fita lahiya. Injiniya ya faɗi a gabanka Makiyayi ɗan Mutum ne. In haka ne, mi ya hana shi warkewa?”

Na buɗe fayil ɗinsa, na tura masa kwamfutar. “Layi guda ne, Injiniya. Kai ka gina uwar, sunanka ne a kai. Haɗa ta da ɗanta mu gani.”

Ya zauna. Ya ɗora yatsu a kan maɓallai. Ya hau sama, ya sauko ƙasa, ya sake hawa. Gumi ya biyo ta ƙarƙashin hularsa ya ɗiga a hancinsa. Ya ce hasken rana ya hana shi gani, wani daga baƙin ya buɗe masa lema. Ya ce sai an koma ofis. Na bar shi ya dahu sosai, ban rage masa ko daƙiƙa ba, ina tsaye hannu a harɗe ina kallon ƙeyarsa. Sannan na jawo kwamfutar, na goge duk abin da ya kwafa, na sa layin gadon, na fitar da jeri. Ga Ja'e, ga Dogo, ga Barkindo, kowa da rugarsa. Ko minti biyu ban yi ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon Sagir. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ba ni lasifikar.” Ya miƙo mini.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni na kira sauran sunayen. Sai dai buhunan da ke motar na tsohon adadi ne. Da aka kai ƙarshensu akwai sauran mutane a tsaye, da igiyoyin da suka zo da su don ɗaure kaya a kan babur. Baƙin suka ba da haƙuri, suka ce abin da aka ware ke nan, za su kai maganar sama. Arɗo ya sa aka farke wasu buhunan aka rarraba da kwano, kowa ya samu abin da ba zai kai shi ko'ina ba. Na ga wannan, amma a ranar kallon Sagir na fi yi, yana zaune a bayan mota shi kaɗai, hula a gwiwa.

Bai dawo bayan Salla ba. Alhaji bai ba ni haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa, amma ya tsaya a kaina sai da na mai da sunana saman fayil ɗin, ya kuma juyo mini da fanka da hannunsa. Na ji an ce Sagir ya koma sayar da kayan waya a wani gari. Ko a jikina.

Ruwa bai sauka ba sai da Salla ta kwana goma sha ɗaya. Da la'asar ya zo, da iska mai ƙarfi da ta ɗauke kwanon makwabtanmu. Ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗaka. Inna ta fito da duk wani abu mai baki a gidan, tukwane, robobi, har turmi, muka tsaya a tsakar gida muna jiƙewa muna dariya kamar yara. Cikin mako guda bayan gari ya yi kore shar.

A makon ne Arɗo ya zo ofis. Ƙungiyar ta ce a sake tantance sunaye saboda gaba, ya kawo na waɗanda suka yi ƙaura. Alhaji ba ya nan, ni ce a babban teburin. Na ba shi kujera, ya ce tabarma ta fi masa. Muka gaisa, ya ruwa, ya Salla, ya iyali. Na tambayi mutanen ruga.

“Sun gode Allah,” in ji shi. “Dogo ya rasa shanu huɗu. Barkindo ya sai da nashi ga mahauta tun suna numfashi. Ja'e guda tara gare shi, saura biyu, ya bi ƙanenshi kudu. Shi ne na ce a cire sunanshi.”

Na ce Allah ya mayar da alheri. Ya ce amin. Na buga abin da ya kawo, na karanta masa, ya tabbatar. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, har ya kai ƙofa ya tsaya.

“Malama Rabi,” in ji shi. Ban san ya riƙe sunana ba. “Ran nan na ga hannunki. Wanda ya cire ƙaya da sauri haka, ya san inda take tun kahin a kira shi. Yaushe kika gane?”

Ƙarya ta zo mini guda uku, kowace mai kyau. Idon nan nasa mai lafiya yana kaina, ba fushi a ciki.

“Ran sha tara ga azumi, Baba.”

“Adadin fa, yaushe aka aika?”

“Ran ashirin da biyu.”

Ya ɗaga hannu ya lanƙwasa yatsu a hankali, ɗaya, biyu, uku. Ya tsaya yana kallonsu.

“To,” ya ce. “Allah shi karɓi ibada.”

Ya sa takalmansa ya fita.